Azumi a Gonar Mama Delfina

Azumin bana ya zo mana da ruwan sama. Tun jiya ake yayyafi a nan Greensboro ta Amurka, motoci na wucewa a kan Wendover suna fesa ruwa kamar masu jin haushin titin. Ƙanena Kamal yana kwance a kan kujera tun bayan la'asar, ya ɗora filo a kan ciki, yana nishi kamar wanda aka yi wa tiyata. Ɗaki da ɗumi, firij a cike, Mma tana soya ƙosai, amma a ganinsa tun da aka halicci duniya ba a taɓa yin wanda ya wahala kamar shi ba.

"Mma, saura minti nawa?" ya tambaya da Turanci, karo na dubu.

"Saura kwana biyu," in ji Mma. "Tashi ka wanke kofuna."

Na ce, "Yaro, kai ka san azumi? Tambayi waɗanda suka yi shi a saman gajimare, da fartanya a hannu."

Kamal ya ja filon ya rufe fuska. Mma ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Ei, Hawa, kin sake ɗauko dutsen nan naki?"

Na ɗauko shi kuwa. Su sun gaji da ji, shi ya sa zan rubuta.

Shekara biyu da suka wuce makarantarmu ta tura wasu daga cikin 'yan ajin Sifaniyanci ƙasar Ecuador, mu yi zango guda muna karatu a can. Baba ya yarda da wuri. Mma ce ta ƙi. Ta ce ita daga zangon Kumasi ta taso ta ƙetare teku, ta ga abin da ƙetare teku yake yi wa mutum, ba ta ga dalilin da zai sa 'yarta ta sake ƙetare wani ba. Da ta ga ba makawa, sai ta cika mini akwati da garin rogo da shito, soyayyen yajin nan na Ghana, da busasshen kifi, kamar wadda za a kai inda ba a taɓa hura wuta ba.

An sauke ni a Riobamba, gari ne da duwatsu suka yi wa zobe. Matar da ta karɓe ni tela ce, Anti Ines, tana da 'ya sa'ata mai suna Sisa, yarinya mai baki kamar rediyo. Ranar farko na hau benen gidansu da akwatina, kafin in kai sama na zauna ina kalmar shahada. Iskar garin ba ta cika huhu. Ka ja numfashi iya ƙarfinka, sai ka ji an ba ka rabi. Sisa ta tsaya a kaina tana dariya, ta ce, "Wannan ce 'yar Amurkar? Kakata ta fi ki gudu, kuma da buhu a bayanta."

Abincinsu kuwa ya sa na ji kunyar akwatina. Kullum da rana akwai miyar sha mai zafi, ta dankali da cuku, a yanka mata fiya a kai. Wata rana aka kawo gugguru a faranti, na ɗauka na kallon talabijin ne, sai na ga Sisa ta kwashe shi ta zuba cikin miya. Na ce a raina waɗannan mutane sun haukace. Na ɗanɗana. Tun daga ranar ni ce shugabar mahaukatan. A kasuwa akwai 'ya'yan itatuwan da har yau ban san sunansu ba, wani a fasa shi ka ga kamar ƙwan kwaɗo, ka rufe ido ka sha, ka ji kamar an buɗe maka taga a cikin kai. Sai dankali. Mu a gida mun san iri ɗaya, mai launin ƙasa, muna ce masa dankalin turawa. A can na ga ja, na ga baƙi, na ga mai ruwan goro, na ga wanda in an yanka shi cikinsa shuɗi ne kamar an rina. Anti Ines ta ce kakanninsu suna noma shi tun kafin wani Bature ya san hanyar ƙasar. Ashe mun daɗe muna kiran abu da sunan wanda ba shi da shi.

Dutsen da Mma ta gaji da labarinsa sunansa Chimborazo. Na yi makonni a garin ban gan shi ba, kullum gajimare ya rufe shi, har na fara zargin Sisa da ƙarya. Wata safiya na hau saman gida shanya, na ɗaga kai, sai ga shi. Ban san yadda zan faɗa ba. Rabin sama ya cinye. Kansa fari fat da ƙanƙara, rana ta buga shi yana ƙyalli, ga shi shiru, kamar ya san ba ya bukatar cewa komai. Ni da ba na iya rufe baki ko a cikin barci, na zauna a kan bokitin wanki na kasa furta ko kalma. Subhanallahi kaɗai ya fito, shi ma a hankali.

Ana haka azumi ya kama. Na kira gida da dabara, na ce, "Baba, ai matafiyi an yi masa rangwame, ko?"

Baba ya fara gyaran murya zai yi bayani, Mma ta ƙwace wayar. "Matafiya? Ke da kike da gado da makullin gida? Kumatunki ma sun ƙaru. Ki yi azuminki, Hawa. Kada in ji kin sha ko guda ɗaya ba tare da uzuri ba."

Na ce to, na yi alkawari.

Azumi a inda kai kaɗai ne kake yinsa daban yake. Babu kiran salla, babu ƙamshin koko daga gidan maƙwabta, babu Anti wance ta aiko yaro da kwano a rufe. Amma Anti Ines ta ɗauki abin kamar aikinta. Takan bar mini miya a cikin fulas da burodi da dafaffen ƙwai don sahur, ta ware mini tukunyar da ba a taɓa sa naman alade a ciki ba. Da rana in sun zauna cin abinci, ni sai in hau saman gida in kalli hadari yana haɗuwa. Kusan kullum da yamma sai an yi ruwa. Rana kuma a ƙasar ba ta jan magana wajen faɗuwa. Nan Greensboro sai ta yi ta lilo a bayan bishiyoyi tana ja wa mai azumi rai, can kuwa kamar an kashe fitila ne.

A tsakiyar watan aka aiko daga ƙauye cewa za a haƙa dankalin Mama Delfina, mahaifiyar Anti Ines. Shekarar ba ta yi kyau ba. Wani sanyi ya sauko da asuba tun shuka tana fure, raɓa ta daskare a kan ganye, rabin gonar ya ƙone ƙurmus kamar an bi shi da wuta. Abin da ya rage shi tsohuwar za ta ci har baɗi, a ciki kuma za ta fitar da iri. Sisa ta ce duk ƙauyen za su fito su taya ta, suna kiran abin minga. Da ta gama bayani na ce, "Ai gayya ce!" Baba yakan ba mu labarin gayya a garin kakansa a arewa, ni kuwa ina jin ta kamar tatsuniya. Na ce sai na je.

"Da azumin?" in ji Sisa.

"Ni? Ni da nake ɗaukar buhun shinkafar Mma daga mota har bene?"

Anti Ines ta ja ni gefe ta ce in yi hankali da tsohuwar. Ta ce tun da ita Anti Ines ta auri mutumin birni mutanen ƙauye suke cewa 'ya'yanta sun yi girman kai, suna ƙyamar abincin gida. Na ce kada ta damu, ni 'yar gidan tarbiyya ce.

Mun tafi a bayan akori-kura, mu da fartanyoyi da buhuna da wani kare da ba wanda ya san mai shi. Hanyar tana hawa tana nannaɗewa a jikin dutse, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami wanda in ka faɗa sai ka yi sallar azahar da la'asar kafin ka kai ƙasa. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Can sai muka shiga cikin hazo, muka fito ta samansa. Na leƙa na ga gajimare a ƙarƙashinmu, shimfiɗe kamar auduga, garin da muka baro ya ɓace. Gonaki sun manne a jikin tudu, kore da rawaya da baƙi, kamar zanen da aka haɗa da ƙyallaye. A bakin hanya wasu dabbobi masu kama da raƙumin da bai gama girma ba suna kallonmu da raini.

Mama Delfina ba ta kai kafaɗata ba. Baƙar hula a kai, jan mayafi, hannuwa kamar saiwar itace. Yarensu na Kichwa take yi, Sifaniyancinta kaɗan ne, nawa kuma gurgu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini fartanya.

Maza suna gaba suna sara kunya, mata da yara muna biye muna tonowa da hannu. Ƙasar baƙa ce wuluk, mai sanyi, tana ƙamshi kamar an yi ruwan farko. Ka tura yatsu ciki ka ji dankali ya taɓo ka. Da yawa ƙanana ne kamar ƙwan zabo, wasu sun ruɓe, in mace ta tono ruɓaɓɓe sai ta yi tsaki ta jefar. Manya ana ware su gefe, na iri gefe, ƙananan gefe. Ba wanda ya tsaya. Wata mata da goyo a bayanta ta wuce ni, ta dawo ta sake wuce ni. Rana tana ƙona ƙeya, iska tana yanka kunne, duk a lokaci guda. Leɓena ya tsage, harshena ya koma kamar soso. Sai sama ta yi duhu, aka sako ƙanƙara 'yan mitsi-mitsi, suna dukan hula suna tsalle a kan ƙasa. Yara suna kama su da baki suna ihu. Ni na danne leɓe na sunkuyar da kai, don na tabbata Shaiɗan da kansa ya aiko su.

Da rana ta take aka ajiye fartanya. Aka shimfiɗa wani dogon zane a ƙasa tsakanin kunyoyi, kowace mace ta kwance ƙunshinta ta juye a kai: dafaffiyar masara, wake manya kamar babban yatsa, cuku, dankali yana tururi, har da gasasshen ɓeran Masar yana yi mini murmushi da haƙoransa. Mutane suka zauna layi biyu. Ba wanda ya sa hannu. Sisa da Anti Ines sun gangara rafi ɗebo ruwa. Sai ga Mama Delfina ta nufo ni da kwano a hannu biyu, cike da mafi girman dankalin da aka haƙa a ranar.

A gidanmu an san yadda ake yi. In kana azumi aka miƙo maka abinci, sai ka sa hannu a ƙirji ka ce kana azumi, mai bayarwa ya ce Allah ya ba da lada, magana ta ƙare. Haka na yi, har da ɗan rusunawa. Ta sake miƙowa. Na sake dafa ƙirji, na ƙara murmushi. Ta miƙo na uku. Na ja da baya kaɗan, na girgiza kai, ina jin daɗin yadda nake nuna musu tarbiyyar Mma.

Ta ajiye kwanon a ƙasa. Ta juya, ta tafi bakin gona ta zauna a kan dutse, ta ba mu baya.

Mutanen da suka yi ta sara tun safe suna zaune, abinci yana hucewa a gabansu, ba mai taɓawa tunda mai gona ba ta ce a ci ba. Wata tsohuwa ta faɗi wata magana, na kusa da ita suka gyaɗa kai. Ko ba ka jin yare ka san in ana maganarka.

Sisa ta iso da jarka, ta dubi kwanon, ta dubi bayan kakarta, ta dire jarkar.

"Hawa, me kika yi?"

"Na ce na gode. Azumi nake, kin sani!"

"Ita ma ta sani! Sabuwar tukunya ta samo saboda ke. Wa ya ce ki ci? Karɓa ake yi! Abin da ba ka iya ci ba ka ƙunshe ka tafi da shi gida. Nan ba a mayar wa mutum hannunsa."

In ƙunshe in tafi da shi! A duniya babu abin da Mma ta tsana kamar wannan. In an yi suna a Greensboro, matan da suke zuwa da robobi a cikin jaka, Mma takan yi maganarsu tun daga wurin ajiye motoci har ƙofar gida. Ta sha gaya mini, "Ranar da na ji kin yi ƙunshi a taron mutane, ki nemi wata uwar."

Na dubi Anti Ines. Tana tsaye da nata jarkar, kanta a ƙasa, duk ƙauyen suna kallonta.

Na sunkuya zan ɗauki kwanon, Sisa ta riƙe mini hannu. "A'a. Yanzu sai daga hannunta."

Ban san yadda suke ba da haƙuri ba, na san namu kaɗai. Na cire gyalen da na yafa a kan hijabina, na je gaban tsohuwar na durƙusa har ƙasa, yadda muke gaida su Alhaji in sun zo wurin Baba. Na buɗe gyalen da hannu biyu. Ba ta dube ni ba. Dutsen take kallo. Sanyin ƙasa ya ratsa wandona, na tabbata na yi shekara guda a wurin. Can ta miƙa hannu gefe, wata yarinya ta ruga ta kawo kwanon. Tsohuwar ta juye shi cikin gyalena, ta faɗi kalma ɗaya da ƙarfi, sai na ji hayaniyar cin abinci ta tashi a bayana.

Ashe ban gama ba. Matan nan suka taso ɗaya bayan ɗaya, kowacce da abin da za ta zuba: masara, wake, cuku, har da cinyar ɓeran nan, wadda Sisa ta cece ni daga gare ta. Kowacce sai ta tsaya ta ga na karɓa. Kafin a gama, gyalena ya yi nauyin ɗan akuya. Na ɗaure shi a baya yadda suke yi, na koma tono, ƙamshin yana bi na kunya bayan kunya. Ban taɓa jin yunwa irin ta yammacin nan ba. Mama Delfina kuwa har aka gama ɗinke buhuna ko kallon inda nake ba ta yi ba. Anti Ines ta ce in bar ta, wata ran sai ta yi shekara tana fushi.

Da yamma muka zauna a kan buhuna a bakin hanya muna jiran mota. Waya ba ta kamawa a wurin, balle in duba lokacin shan ruwa. Ina gani rana ta gangara ta shige bayan wani tudu, inuwa ta rufe mu, sanyi ya taso. Na ce alhamdu lillahi. A gaskiya na san tudun yana da tsayi, na san ta yiwu ranar tana nan a bayansa, amma na ce ai ni idona bai gan ta ba. Na kwance ƙunshi, na zaɓi babba.

Tas! Aka buge mini hannu.

Mama Delfina ce. Ban san lokacin da ta zauna kusa da ni ba. Ta yi magana tana nuna sama da haɓa, Sisa ta fassara tana danne dariya: "Ta ce tunda saboda rana kika ƙi abincinta, to sai ki jira ranar. Ta ce ga ta can, ba ta tafi ba."

Na ɗaga kai. Gajimare ya yaye, Chimborazo ya fito gaba ɗaya, kusa da mu kamar in miƙa hannu. Ƙasansa ya yi duhu, amma ƙanƙarar da ke kansa ta kama da wuta, ja kamar garwashi. Duk wanda ke wurin ya ɗaga kai, har karen. Muna kallo jan yana hawa sama a hankali, yana raguwa, ya koma ruwan hoda, ya rage ɗan kaɗan a can ƙololuwa. Na manta da yunwar. Wallahi na manta. Sai ya mutu, dutsen ya koma toka-toka.

Tsohuwar ta jira kaɗan, sannan ta miƙo mini ruwa a kofin gwangwani. Na yi bismilla na sha, na ji shi har yatsun ƙafa. Ta sa hannu cikin gyalena ta ɗauki dankali biyu, ta ɓare su da farce, ta dangwala a miyar barkono da gyaɗa, ta ba ni ɗaya. Ya huce, ya sha hayaƙi, cikinsa rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ɗayan ta kai bakinta, tana ci da sauri.

Sisa ta raɗa mini a kunne, "Ba ki lura ba? Ita ma tun rana ba ta ci komai ba."

Na dubi tsohuwar, ita kuwa tana ta tauna, ta sake zura hannu cikin ƙunshina ba tare da neman izini ba. Fitilun mota suka ɓullo daga ƙasan hanya. Ta faɗi wata magana da cikakken baki.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ki iya noma ba ko kaɗan. Ta ce Asabar mai zuwa za a haƙa gonar ƙanwarta, ki zo. Amma ki zo da zane babba, wannan naki na 'yan gayu ne."

Na so in amsa mata da Sifaniyancina mafi kyau, amma bakina a cike yake, sai na yi ta gyaɗa kai.